Kaduna bayan rikicin 2000: iyakar abin da rawani da mumbari suka iya

Daga Nuwamban 2002 zuwa Afrilun 2011, shekara takwas da 'yan watanni, garin Kaduna bai sake ganin babban rikicin addini ba. Ga wanda ya san garin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A cikin waɗannan shekarun ne aka yi kashe-kashen Yelwan Shendam a Mayun 2004 da ramuwar da ta biyo baya a Kano, aka yi tarzomar zanen ɓatanci a Maiduguri a Fabrairun 2006 da ramuwarta a Anacha, Jos kuma ta kama da wuta a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso, 'yan kasuwar Kaduna kan rufe shaguna da wuri, iyaye su ruga makaranta su kwaso yara, kowa ya zauna a ƙofar gida yana jiran abin da aka saba gani. Sai a kwana a tashi ba abin da ya faru.

Ana yawan danganta wannan lafawa da sanarwar zaman lafiya da malamai da fastoci suka sa wa hannu a 2002. Sanarwar tana da nata rabon, ba mai hana ta. Amma a ganina an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, an kuma manta da abubuwa biyu da suka fi ta tasiri: gyaran da aka yi wa tsarin sarauta a kudancin jihar, da aikin da masu unguwanni, limaman unguwa da fastocin ƙananan coci-coci suka riƙa yi ba tare da kowa ya ɗauki hotonsu ba. Akwai kuma abin da dukkansu suka kasa, wanda shi ya dawo ya ci jihar a 2011.

Inda gizo ke saƙa tun asali

Ba a fahimtar rikicin Kaduna sai an fara da maganar sarauta. Tun kafin zuwan Turawa, masarautar Zazzau da ta Jama'a suna da iko a kan wani yanki mai faɗi na kudancin jihar ta yau. Da Turawa suka zo da mulkin bayan fage, sai suka ƙara wa wannan iko ƙarfi, ana naɗo hakimi daga Zariya a kai shi ya mulki mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, shi ke karɓar haraji, alƙalinsa ke yanke shari'a. Kagoro, Jaba da Marwa ne kawai suka tsira da sarautunsu masu cin gashin kansu. Atyap, Bajju, Adara, Gbagyi, Ikulu da sauran ƙabilu da dama sun zauna a ƙarƙashin rawanin da ba su ɗauke shi nasu ba. Da Kiristanci ya bazu a yankin ta hannun 'yan mishan, sai tsohon ƙorafin mulki ya sami sabuwar riga. Abin da a da ake kira rigimar hakimi da talakawansa ya koma rigimar Musulmi da Kirista.

Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya faro ne daga Kwalejin Horar da Malamai, ya bazu zuwa Zariya, Kaduna da Funtua. Na Zangon Kataf a 1992, tsakanin Atyap da Hausawan Zango, ya faro daga maganar sauya wa kasuwa matsuguni a watan Fabrairu, ya dawo da muni a watan Mayu, aka kusa shafe garin Zango, wutar kuma ta iso Kaduna da Zariya. Kotun musamman ta Mai shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, ɗan ƙabilar Atyap, da wasu hukuncin kisa, daga baya gwamnatin Babangida ta mayar da shi ɗauri. Wannan hukunci bai gamsar da kowa ba: Atyap sun ɗauke shi zalunci, Hausawan Zango sun ɗauki sassaucin a matsayin wulaƙanta jinin 'yan uwansu. A tsakiyar shekarun 1990, zamanin gwamnan soja Kanar Lawal Jafaru Isa, aka bai wa Atyap da Bajju masarautunsu. A Mayun 1999 kuma, ana gab da miƙa mulki ga farar hula, aka sake zubar da jini a Kafanchan kan naɗin sabon Sarkin Jama'a.

Ke nan sarauta a wannan jiha ba ta shigo fagen sulhu da hannu mai tsabta ba. Ita kanta tana cikin abin da ake faɗa a kai. Duk wanda zai ce a bar wa sarakuna maganar tsaro, dole ya fara amsa tambayar: sarkin wa?

Fabrairun 2000

Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999, majalisar dokokin Kaduna ta kafa kwamitin duba yiwuwar yin haka a jihar. Musulmi suka yi ta gangamin goyon baya. Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000, Kiristoci ƙarƙashin ƙungiyar CAN suka fito zanga-zangar ƙin amincewa, suka nufi gidan gwamnati. Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi yana ƙasar waje neman magani, mataimakinsa Stephen Shekari ke riƙe da jihar. Kafin azahar gari ya rikice. An shafe kwanaki ana kisa da ƙone-ƙone, aka yi ramuwa a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan kudu maso gabas, sannan a watan Mayu aka sake wani zagaye a Kaduna. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙidaya mutum 1,295 da suka mutu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce adadin bai gaza 2,000 ba, wasu ma suna kai shi sama da haka nesa.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne shingen kan hanya. Samari su gindaya benci da tayoyi, su tsayar da mota, su ce kowa ya sauko. A tambayi sunanka. In sunan bai raba gardama ba, domin akwai Yakubu da Musa da Ibrahim a kowane ɓangare, sai a ce ka karanto Fatiha, ko a wancan shingen a ce ka karanto Addu'ar Ubangiji. Waɗanda suka tsira ta nan ba su manta ba, kuma su ne suka riƙa yanke shawarar inda iyalinsu za su zauna bayan ƙura ta lafa.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, shugabannin addini na ɓangarorin biyu suna da hannu a zafafa al'amarin kafin ya fashe. Daga mumbari da bagade aka yi ta gaya wa mutane cewa wannan magana ta a mutu ko a yi rai ce. Don haka lokacin da aka koma neman su zo su kashe wuta, ana neman mutanen da wasunsu suka taimaka wajen hura ta ne. Wannan bai rage darajar abin da suka yi daga baya ba. Ya dai nuna dalilin da ya sa aka kasa tsallake su: wanda jama'a suka ji maganarsa ranar fita, shi za su ji ranar komawa gida.

Abin da Maƙarfi ya yi

Maƙarfi ya fahimci cewa jibge sojoji a kan tituna ba zai wuce 'yan watanni ba. Matakin da ya fi kowanne nauyi shi ne ƙirƙiro sababbin masarautu da ɗaga darajar wasu a farkon mulkinsa, har yawan masarautun jihar ya haura 30. Adara, Gbagyi, Fantswam, Ikulu, Kurama da wasu da dama suka sami sarakunansu, suka fita daga ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a. Aka kuma ƙara yawan gundumomin hakimai ƙwarai da gaske. Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya hau gadon sarauta tun 1975 kuma shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar a lokacin, ya ga ƙasarsa ta ragu, bai kuma mayar da abin rigimar fili ba. Ya cancanci a tuna masa da wannan, don da ya ja daga, da labarin ya sha bamban.

Ta fuskar tsaro, amfanin wannan gyara a bayyane yake. Kafin nan, in rigima ta tashi tsakanin manomi ɗan Adara da makiyayi, ko tsakanin matasan wani ƙauye da Hausawan kasuwa, hakimin da zai shiga tsakani mutum ne da ɓangare ɗaya ke gani a matsayin wakilin abokin faɗansa. Bayan gyaran, gwamna ya sami mutumin da zai kira ya ce masa, ranka ya daɗe, yaranka ne suka tare hanya, kuma yaran su ji kunyar ƙin bin maganarsa. Sarkin da aka sha wahala kafin a samu, jama'arsa ba sa son su kunyata shi. Shi ma yana sane da cewa sandar da gwamnati ta ba shi tana iya karɓewa.

Mataki na biyu shi ne yadda aka warware maganar shari'ar kanta. A Nuwamban 2001 jihar ta fara aiki da tsarin kotuna uku: kotunan shari'ar Musulunci ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda suka zaɓi al'adarsu, da kotunan majistare da babbar kotu ga kowa. Aka soke tsofaffin kotunan yanki da mutanen kudu ke yi wa kallon kotun alƙalin sarki. Masu son shari'a irin ta Zamfara sun ce an yi mata ruwa-ruwa, wasu Kiristoci kuma sun ce ko sunanta bai kamata a ji ba. Amma kowa ya sami abin da zai koma ya nuna wa mabiyansa. Ga kuma ofisoshin harkokin addini a gwamnatance, ɗaya na Musulunci ɗaya na Kiristanci, waɗanda suka zama ƙofar da malami ko fasto zai bi ya isar da ƙorafi kafin ya kai shi mumbari.

Ya kamata a tuna cewa sarakunan nan ba su da wani iko a rubuce. An karɓe 'yan doka, gidajen yari da kotunan En'e daga hannunsu tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aiki ba. Sarki ba ya kama ɓarawo, ba ya ɗaure kowa. Abin da ya rage masa shi ne sanin mutane, da kunyar da ake ji masa, da kunnen gwamna. Da waɗannan ukun aka yi duk aikin da za a ambata a ƙasa.

Sanarwar 22 ga Agustan 2002

Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye duk sun jagoranci matasa masu zafin kai a rikicin 1992, kowa a nasa ɓangaren. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su ya haɗa su, kuma bayan dogon zargi da ɗari-ɗari suka kafa dandalin tattaunawa tsakanin Musulmi da Kirista, wanda ya zama cibiyar sasanci da aka san su da ita a Kaduna. Abin da ya ba su ƙarfi a idon matasa shi ne ba wanda zai ce musu ba su san zafin abin ba. Saurayin da ke ganin sulhu ragwanci ne, in ya kalli hannun roba na Wuye, dole ya sassauta murya.

Su ne suka yi ta zirga-zirga har aka kai ga Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu, 11 Musulmi 11 Kirista, tare da gwamna. An ɗauko tsarinta daga sanarwar da shugabannin addinai na Gabas ta Tsakiya suka yi a Iskandariyya ta Masar a farkon wannan shekarar. Masu sa hannun sun yi alƙawarin yin tir da kisa da sunan addini, da guje wa wa'azin tunzura jama'a, da kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai riƙa bibiyar al'amura.

Wata uku bayan nan aka gwada ta, ta kuma faɗi gwajin farko. Ranar 16 ga Nuwamban 2002, cikin watan azumi, jaridar ThisDay ta buga wani rubutu kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja, wanda ya taɓa mutuncin Annabi (SAW). Ranar 20 ga wata aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, daga nan abin ya koma faɗan unguwa da unguwa na kwana uku. Kimanin mutum 250 suka mutu, an kuma zargi jami'an tsaro da harbe wasu daga cikinsu ba tare da dalili ba. Aka ɗauke gasar zuwa Landan.

Masu sukar sanarwar suna tsayawa a nan, su ce ga shi nan, takarda ce kawai. Ina ganin sun yi gaggawa. Sa hannun manya 22 ba zai hana saurayin da ke Rigasa ko Sabon Tasha ɗaukar gora ba, domin bai ma san an yi taron ba. Abin da sanarwar ta samar shi ne mutanen da suka san juna, suka ci abinci tare, suke da lambar juna, waɗanda za su iya fitowa tare a rediyo da talabijin ba tare da kowa ya ji tsoron mabiyansa za su kira shi maci amana shi kaɗai ba. A 2000 babu wannan. A 2002 akwai, kuma rikicin bai kai ko kusa da na farko ba. Darasin da masu sasancin suka ɗauka shi ne dole a sauko ƙasa, a je inda ake gindaya bencin.

Aikin unguwa

A nan ne ainihin tsaron ya zauna, kuma a nan ne ba a cika rubutu a kai ba. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, cikin 'yan shekaru ta kai hannun kowa. Ta sauƙaƙa yaɗa jita-jita, ta kuma sauƙaƙa kashe ta.

A ɗauki misalin abin da ya sha faruwa. Da yamma ɗan acaɓa ya buge yarinya a bakin wata unguwa da ke iyaka da wata. Shi Musulmi ne, ita Kirista, ko akasin haka. Kafin minti ashirin labari ya canza kama: a can an ce an kashe ɗan acaɓa, a nan an ce an sace yarinya. Masu shaguna sun fara jan ƙofa. Mai unguwa ne mutum na farko da ake bugawa waya, don shi ya san ɗan wane ne yaron, ya san gidan su yarinyar. Sai ya kira takwaransa na wancan ɓangaren, ya kira dagaci, dagaci ya kira hakimi da DPO. A kira liman kafin sallar magariba a ce masa, Malam, don Allah in an idar a faɗa wa jama'a yaron nan yana ofishin 'yan sanda da ransa, yarinya tana asibiti, kowa ya koma gida. A kira fasto da shugaban matasan coci a gaya musu haka. Wani lokaci sai dattawan biyu sun taka da ƙafa sun je asibitin tare, su dawo su ce mun gani da idonmu. Shugaban 'yan banga, wanda yaransa ke riƙe da tocila da usur da gora, shi ne mutumin da ya fi kowa haɗari a wannan daren, shi ne kuma ya fi kowa amfani, ya danganta da wanda ya riga isa kunnensa.

Ba wata dabara ce mai zurfi ba. Gudun tsere ne tsakanin gaskiya da ƙarya, kuma wanda ya san sunan uban kowa a layi shi ke da damar cin tseren. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha wata shida da suka wuce ba shi da wannan. Haka nan ranakun Juma'a da Lahadi, da lokutan Sallah, Kirsimeti, Maulidi da Ista, sai da shiri: a sanar da hanyar da jerin gwano zai bi, a roƙi masu wa'azi su kiyaye harshe, manyan wannan ɓangare su kai wa wancan gaisuwar biki. Akwai masu raina irin wannan ziyara, suna cewa ta ɗaukar hoto ce. To, yaron da ya ga limaminsu ya shiga harabar coci ya fito lafiya, wani abu ya ragu a cikin abin da aka cusa masa.

Mata ma sun yi nasu, ta ƙungiyoyin zumuntar mata na coci da makarantun Islamiyya na matan aure, musamman a kasuwanni, inda mai sayar da doya daga kudu da mai sayar da hatsi daga arewa ba su da zaɓi sai sun haɗu. Sau da yawa su ke fara jin ƙishin-ƙishin, don su ke ganin wanda ya daina zuwa kasuwa da wanda ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauye ba lokacin biki ba.

Farashin da aka biya

Sai dai akwai wani dalili na lafawar da ba na alfahari ba ne. Bayan 2000 da 2002 garin ya rabu. Kiristocin da ke Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi, Kawo da Badarawa suka yi ta ƙaura zuwa Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmin da ke waɗannan wurare suka tsallako arewacin kogin Kaduna. Wasu sun sayar da gida a wulaƙance, wasu sun yi musaya kai tsaye: ka ba ni naka a can, in ba ka nawa a nan, a kira mai unguwa da shaidu a rubuta takarda. Har mutane suka fara kiran ɓangarorin biyu Makka da Kudus. Unguwanni irin su Barnawa, Kakuri, Kabala da Unguwar Rimi sun ci gaba da zama a cakuɗe gwargwado, amma akasarin talakawa sun zaɓi kwana cikin nasu.

Rabuwar ta rage kisa, don ba sauran 'yan tsiraru a tsakiyar unguwa da za a farma da dare. Ta kuma sauƙaƙa wa mai unguwa da liman aikinsu, tunda yanzu jama'arsu iri ɗaya ce. Amma ta haifar da yaran da suka tashi ba su taɓa cin tuwon Sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. A daidai wannan lokacin ne kuma masaƙun Kakuri, inda dubban ma'aikata na kowane addini da yare ke aiki a inji ɗaya suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suka durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Wurin da ya fi kowane taron sulhu haɗa Musulmi da Kirista a Kaduna ya mutu, ba malami ko sarkin da ke da ikon tayar da shi.

Afrilun 2011

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilun 2011. Da sakamako ya fara nuna Goodluck Jonathan ya kayar da Muhammadu Buhari, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa da dama. A Zariya da arewacin Kaduna aka kai wa Kiristoci, coci-coci da 'yan jam'iyyar PDP hari. A kudancin jihar, a Zonkwa, Matsirga da Kafanchan, aka kashe Musulmi ɗaruruwa cikin kwana biyu. Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu a faɗin Arewa, sama da 500 daga cikinsu a kudancin Kaduna. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da gwamnatin tarayya ta kafa shi ma ya nuna cewa mafi yawan mamatan a jihar Kaduna suke. Waɗanda suka tsira daga Zonkwa da kewaye sun daɗe a sansanin alhazai na Mando, da yawansu ba su koma ba har yau. Gwamna a lokacin shi ne Patrick Yakowa, Kirista na farko da ya riƙe kujerar, wanda ya gaji Namadi Sambo a 2010.

Abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, a arewa matasan ba su ji maganar sarakuna ba, domin sarakunan kansu suna cikin waɗanda ake fushi da su. An ɗauka sun bi gwamnati sun sayar da jama'a, har aka kai wa gidaje da kadarorin manya hari a Zariya da Kano. Kunnen gwamna da ke bai wa sarki ƙarfi a ranar lafiya shi ya zame masa laifi a ranar siyasa. Haka malaman da aka gani suna shiga da fita gidajen 'yan takara.

Na biyu ya fi ciwo. Mafi munin kisan ya faru ne a yankin da aka bai wa masarautunsa, inda ake zaton an cire ƙayar. Sabon tsarin ya warware ƙorafin ƙabilun da suka daɗe a ƙarƙashin wasu, amma bai amsa tambayar Bahaushe ko Bafulatanin da aka haifi kakansa a Zonkwa ko Kafanchan ba: shi ɗan ƙasa ne ko baƙo? Waɗanda a da suke ganin sarki nasu ne sun wayi gari 'yan tsiraru a ƙarƙashin sarkin da matasansa ke kiransu 'yan ci-rani. An sami sarakuna da fastoci da limamai da suka ɓoye mutane a gidajensu, wannan gaskiya ne, kuma akwai masu rai a yau saboda su. Amma tsarin kiran waya da ke kashe rigimar ɗan acaɓa bai iya tsayar da taron ɗaruruwan mutane masu makami da suka zo da shiri ba, jami'an tsaro kuma ba su iso ba sai bayan an gama.

Ƙarƙashin duk wannan akwai rashin hukunci. An kafa hukumar bincike bayan 1987, bayan 1992, bayan 2000, bayan 2011. Binciken da Human Rights Watch ta fitar a ƙarshen 2013 kan Kaduna da Filato ya nuna cewa kusan ba wanda aka hukunta kan kisan, duk da cewa waɗanda suka tsira sun san masu kisan da suna, wasu ma sun kai sunayen ga 'yan sanda. A nan shugabannin addini da na gargajiya suna da laifin da ya kamata a faɗa musu. Sau da yawa in aka kama yaran wani ɓangare, manyan wannan ɓangaren ne ke tafiya a ayari su roƙi a sake su don a zauna lafiya, na wancan ɓangaren su ma su nemi a saki nasu, a yi kunnen doki. Matar da aka kashe wa miji a gabanta sai a ce mata ta yi haƙuri, ta bar wa Allah. Haƙuri ibada ne a addinan biyu, amma ba aikin liman ko fasto ba ne su yafe jinin da ba nasu ba, kuma saurayin da ya yi kisa a 2000 ya ga ba abin da ya same shi, shi ne babban yaya a layi a 2011.

Abin da ya biyo baya

A Yunin 2012, bayan harin bam a coci-coci a Zariya da Kaduna, an sake tare hanya a Gonin Gora an kashe matafiya, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Daga nan nauyin rikicin ya koma karkara, ya cakuɗe da faɗan manoma da makiyaya da kuma 'yan bindiga masu satar mutane, waɗanda ba su san wani mai unguwa ba balle su ji kunyarsa. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a Sanarwar Kafanchan. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta kafa hukumar zaman lafiya ta jiha ƙarƙashin Bishop Josiah Idowu-Fearon, a shekarar kuma ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ta sallami dubban dagatai, bisa hujjar cewa ƙananan hukumomi ba sa iya biyansu. Hujjar kuɗin tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai waɗanda aka sallama su ne matakin da ke tsakanin mai unguwa da sarki, su ake bugawa waya da magariba, kuma an cire su ne a daidai lokacin da ƙauyuka suka fi bukatar mai kai rahoto.

A Oktoban 2018, kwana ɗaya bayan rikicin Kasuwan Magani da 'yan sanda suka ce ya ci mutum 55, aka sace sarkin Adara, Agom Adara Maiwada Galadima, a hanyarsa ta komawa Kachia, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Sarkin da ake sa ran ya tsare jama'a shi kansa ba mai tsare shi. A Agustan 2020 sarkin Atyap, Agwatyap Dominic Gambo Yahaya, ya tara Atyap, Hausawa da Fulanin ƙasarsa suka yi zaman sulhu, shekara 28 bayan rikicin Zango, wasu daga cikin mutanensa suna sukarsa cewa ya zauna da waɗanda ba a hukunta ba. Hare-hare a ƙasar Atyap sun lafa na ɗan lokaci bayan zaman, sannan suka dawo a 2021.